Ƙirga Goma a Baranda

…kuma har tara ta yi, tara cif, ni kuwa ga ni a baranda da silifas, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Tara! Da a da ne, yanzu alli ya gama ɓata min hannun riga, ina fama da ɗalibai saba'in a ajin da fankarsa ta fi ni surutu. Yau ba ƙararrawa. Ba mai jirana. Shayin ma sai na ga dama nake kurɓa — bari ya ɗan huce, saurin me nake?

Lemon nan… ɓawon ya fita zare guda, bai tsinke ba! Shekara talatin da biyu ina koyarwa a kwaleji, ban san na iya wannan ba sai da na yi ritaya. Wa zan nuna wa? Uwar yara mana. Tana can tana shanya, ta ba ni baya.

Kwana uku ke nan bayanta nake gani.

Tumatirina na cikin gwangwanin fenti ya yi 'ya'ya huɗu. Jiya uku ne. Ɗaya har ya fara ja, mai ƙwazo ne wannan, zai ci jarrabawa. Telan tsallaken titi ya buɗe shago, ya ɗaga min almakashi, na ɗaga masa kofi. Kullum haka muke. Ba mu taɓa ɓatawa ba, don ba mu taɓa magana ba — kai, ashe…

"Baba, Mama ta ce ta daina gaya maka komai." Autarmu ce jiya a waya, tana dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Wai uwar tana da maganar da take so ta yi min tun ran Lahadi, da ta buɗe baki sai in ƙarasa mata. Ni? To, ta ce, "Malam, dama ina so—" na ce famfon kicin ne? Ai na gyara. Washegari, "Malam, ina tunanin—" na ce zuwa wajen yayarki? Ki je mana. Taimako ne fa! Laifi ne mutum ya rage wa matarsa wahala? Sai ta ce "shi ke nan", ta ɗauki bokiti.

Shi ke nan ɗin nan ne ba na so. Na san shi sarai. Haka ɗalibi yake cewa in ya haƙura da kai.

Ni da nake tara sababbin malamai ina yi musu huɗuba: in ka yi tambaya a aji, rufe bakinka, ƙirga goma a zuci. Goma cif! Shirun zai yi maka nauyi, gumi zai keto maka, kar ka kuskura ka cike shi da muryarka. Masu rawar kai tun a biyu suke ɗaga hannu, mai abin faɗa na gaske sai wajen takwas. Ɗalibar nan ta kujerar ƙarshe, mai tabarau, zango guda ba a ji muryarta ba… a tara ta yi magana. Watan jiya ita ta auna min jini a asibiti, ta ce, "Malam, har yanzu kana ƙirgawa?" Na yi ta washe baki har gida.

Har gida… A bakin ƙofa nake ajiye ƙirgar ke nan, tare da takalmi? Ɗalibai dubu nawa suka sha goma-goma a wurina, uwar yara ko biyu ba ta samu ba. Da can ina da uzuri, na dawo a gajiye, ga takardun jarrabawa jibge. Yanzu fa? Yanzu lokaci ya yi min yawa, har ɓawon lemo nake yi wa ado. Kunya ta kama ni, wallahi.

In kuma maganar babba ce? In ciwo take ɓoyewa… a'a, ɗazu na ji ta tana waƙa a kicin. Ƙila ɗinki take so ta koya, ƙila tafiya, ƙila — ka ji ni ko! Ko a zuci ma sai na ƙarasa mata.

Ga ta nan, kwando a ƙugu. Miƙa mata rabin lemon, Malam. Ta karɓa! Ta ga ɓawon, ta ɗan murmusa, ta maze. Ta zauna a bakin kujera kamar mai jiran mota.

"Ran nan me kike so ki gaya min?"

Ɗaya… biyu… harshena na ƙaiƙayi. Uku. Kurɓi shayi, toshe bakin nan. Huɗu, biyar — tana kallona, jira take in amsa wa kaina kamar kullum. Shida. Keken tela sai ƙara yake. Wayyo, ashe haka goma take da nisa in a gida ne? Bakwai… ta ajiye kwandon. Ta ajiye! Takwas —

ta ja numfashi. Kar ka taimaka mata. Don Allah, Malam, kar ka taimaka…