Afi da Rana ta Takwas

Ni Komlavi, shekara tara ke nan ina farkawa da safe ban san garin da nake ba. Ɗakunan masauki duk uwarsu ɗaya: farin zanin gado, labule mai kauri, na'urar sanyi tana tari. Sai na miƙa hannu na lalubo canjin da na zube a kan tebur. In sefar yamma ce, to ina Abidjan ko Dakar. In ta tsakiya ce, Duwala ko Gabon. Aikina gyaran ɗakunan sanyaya kifi ne a tashoshin jiragen ruwa, kifi kuwa ba ya jiran kowa. Inji ya tsaya a wata ƙasa, kamfani ya cillo mini tikiti a waya, ko ina tsakiyar cin akume ne, tuwon masararmu, sai in wanke hannu.

A Libreville saƙon ya same ni. Na farka na ga yayana Fo Edem ya rubuto daga Lome: "Mawuena ta sauka. Mace ce. Duk lafiya." A ƙasan saƙon wayar ta nuna Juma'a, sha biyu da minti ashirin na dare. Macen Juma'a a wurinmu Afi ce, wannan ba sai an tambayi tsofaffi ba. Na zauna bakin gado ina maimaitawa, Afi, Afi, har hawaye suka zubo mini. Shekara shida ni da matata Mawuena muna jiran wannan yarinya.

Haihuwa ta wuce ni, amma na rantse fitarwa ba za ta wuce ni ba. Jariri baƙo ne har kwana bakwai, ba ya ganin rana, ba a kiran sunansa ko na ranar haihuwa. A rana ta takwas, kafin gari ya gama wayewa, a fito da shi tsakar gida, a watsa ruwa a kan rufi ya ɗigo masa, uba ya ɗaga shi ya faɗi sunan da ya zaɓa a gaban dangi. Sau ɗaya ake yi. In uba ba ya nan wansa ne zai faɗa, kuma har yarinya ta yi furfura za a riƙa tunawa cewa babanta bai zo ba. Na ƙirga a yatsa, Juma'a zuwa Juma'a. Na sa aka yanka mini tikitin Alhamis, na kira Fo Edem.

"Jajibiri da yamma ina gida," na ce.

"Kai da jiragen nan naka? Ka ce jajibiri, mu ga ƙeyarka ranar yaye."

"Kai dai ka tanadi giyar sodabi, ka bar mini maganar jirgi."

Sauran kwanakin a cikin sanyi na yi su, tsakanin kifi tan arba'in da suka ƙura mini ido. Ina ɗaure wayoyin inji ina ganin Afi: wani lokaci da hancin uwarta, wani lokaci har ta fara tafiya tana jan akwatina a tsakar gida. Mawuena ban samu jin muryarta sosai ba, surukata ta ƙwace wayar, wai mai jego ba ta hira. Ran Talata kuɗin layina na Gabon ya ƙare. Layuka biyar nake yawo da su a kwalin ashana, kowace ƙasa da nata, kuma na tsani in bar ko sisi a layin ƙasar da zan bari. Na ce kwana biyu ya rage, ban sake sawa ba, saƙonnin gida suka daina shigo mini.

Alhamis tun da asuba ina filin jirgi. Cire ɗamara, cire takalmi, riƙe wando da hannu kamar ɓarawon da aka kama a kasuwa. Buɗe jaka a yi bayanin mitar wuta, wadda na yi bayaninta ya fi sau ɗari. Nuna katin rigakafin shawara, wanda ya tsufa har ya yi laushi kamar ganye. Ma'aikacin shige da fice ya lashi yatsa yana buɗe fasfona shafi bayan shafi, yana neman inda zai sauke hatimi, ya rasa, ya ɗora a kan wani tsoho. Bayan duk wannan sai wata murya mai zaƙi ta ce jirgi zai ɗan yi jinkiri. Duk wanda ya saba hanyar nan ya san in aka ce "ɗan", to ka nemi wurin jingina.

Akwai wani barci da muke yi a irin wannan zama, ido a buɗe, jaka tsakanin ƙafafu. Sunayen garuruwa suna juyawa a allo, sai su narke su koma gari ɗaya mai dogon zaure, babu rana babu dare, kowa yana jan akwati zuwa wata ƙofa. A cikin barcin nan Tanti Akossiwa ta same ni. 'Yar kasuwar atamfa ce, tun kafin a yi mini fasfo take bin hanyar nan, agogo biyu take ɗaurawa, ɗaya a kowane hannu. Ta dangwara mini wata jaka a cinya.

"Mai kifi, riƙe mini wannan, sun ce kayana sun yi yawa. In an tambaye ka, naka ne."

"Tanti, rigunan mata ne fa."

"To ba ka da mata?"

Sai ƙarfe ɗaya muka tashi. Muka sauka Duwala aka kwashi mutane kamar motar kasuwa, muka sake tashi. Kujerarta na kusa da tawa. Na jingina da taga, gajimare a ƙasa fari fat kamar an shanya zannuwan jarirai na duniya duka, ina ta gwada sunan da na zaɓa a bakina. Ban faɗa wa kowa shi ba, ko Mawuena.

"Tun Gabon kake murmushi kai kaɗai kamar ka tsinci dami a kala," in ji Tanti. "Faɗa mini, ko na tsunkule ka."

"Na zama uba, Tanti. Gobe da asuba za a fitar da ita."

Ta rangaɗa guɗa har ma'aikaciyar jirgi ta leƙo. "Ashe sanyin kifi bai kashe ka ba! Wace rana ta zo?"

"Juma'a. Afi ce. Da ƙyar ma ta kama Juma'ar, sha biyu da minti ashirin."

Tana tauna gyaɗa, sai ta daina. Ta dubi hannun dama, ta dubi na hagu.

"A agogon wa?"

"A wayata mana."

"Wayarka tana ina a lokacin?"

Na dubi wayar da ke hannuna.

"Gabon tana gaban Lome da awa guda, ka fi ni sani," ta ce a hankali. "A gida sha ɗaya da minti ashirin ne, Alhamis ba ta fita ba. Ɗana, yarinyar nan macen Alhamis ce, sunanta Yawa. Yau ce rana ta takwas."

Ni da nake juya awoyin ƙasashe biyar a ka ba tare da takarda ba. Na ƙirga, na sake ƙirgawa, lissafi ya ƙi canzawa. Lokacin da nake tsaye riƙe da wando a gaban na'urar bincike, a lokacin ake watsa ruwa a kan rufinmu. Kunya da baƙin ciki suka rufe ni. Jirgi kuwa yana ta shawagi abinsa, gajimaren suna nan yadda suke. Tanti ta ɗauke jakarta daga cinyata ta ɗora a tata.

A Kwatano muka yi minti arba'in a zaune, ba a yarda mu sauka ba. A Lome na sa layin gida, kira ashirin da uku suka faɗo, duk na daren Laraba da asubar yau. Wanda ya buga mini hatimi ya ce barka da dawowa, na karɓi fasfona na wuce.

La'asar ta yi sanyi lokacin da ɗan acaɓa ya sauke ni. Ana ɗora kujerun haya a kan juna. Fo Edem yana zaune da farin zane a kafaɗa, bai zolaye ni ba, wannan ya fi zagi ciwo.

"Mun jira har rana ta fara leƙowa," ya ce. "Tsohuwarmu Dada ta ce ba a jiran jirgi da jariri a hannu."

"Wane suna ka faɗa?"

"Wanda uwarta ta ba ni. Enyonam."

Suna ne mai kyau. Nawa yana kan harshena tun Gabon, na haɗiye shi, har yau ba wanda ya ji shi.

Mawuena tana zaune a gado cikin fararen kaya, ta rame, ta yi kyau. Na fara bayanin awa guda, na ji yadda yake fita daga bakina, na yi shiru. Ta miƙo mini yarinyar.

"Riƙe ta. Ba ta da nauyi, ba za su ce kayanka sun yi yawa ba."

Na karɓe ta. Ba ta yi kama da ko ɗaya cikin fuskokin da na yi ta gani a ɗakin sanyi ba. Ta buɗe ido ɗaya ta dube ni, ta mayar ta rufe.

"Yaushe za ka koma?" Mawuena ta tambaya.

"Litinin."

Ta gyara wa yarinyar hula a hannuna, ba ta ɗago ba.

"Wace Litinin? Taka ko tamu?"