Me Kika Gani?

Ajinmu na mata yana saman shagon magani, ɗaki ɗaya mai taga biyu da fanka mai ƙara. Na masallacin unguwa ne, kuma makullin yana hannun kwamiti. Shugaban kwamitin kawuna ne, yayan Inna. Ni a shagon wanki da guga nake aiki, firamare ma ban ƙarasa ba. A ajin nan na fara haɗa baƙi ba tare da an yi mini dariya ba. Shi ya sa da aka fara raɗe-raɗin za a rufe shi, na kasa sukuni.

Tsohuwar malamarmu, kafin ta koma wajen ɗanta, amsarta biyu ce: ya halatta, ko bai halatta ba. Sabuwar da aka kawo ba haka take ba. Siririya ce mai gilashi, kullum wayarta na kife a kan tebur. In an yi tambaya sai ta ce malamai sun yi saɓani, wannan ya ce kaza saboda kaza, wancan ya ce a'a saboda kaza. Sai ta cire gilashin ta dube mu.

"To, ku me kuka gani?"

Ranar farko sai muka hau kallon juna. Muna saukowa daga bene Matar Direba ta ce, "Ashe mu muka zo koyar da ita."

"Ku dai ku kula da wayar nan," in ji Nas, wadda ke aiki a asibiti. "Wa ya san ko ɗaukar maganarmu take yi?"

Hajiya mai shagon magani ta rage murya. "An ce akwai masu turo irinsu, su rikita wa mata addini."

"In ji wa?"

"An ce dai."

Ni ma daga ranar idona bai bar wayar ba. In na yi tari sai in ga kamar ya shiga ciki.

Wata rana Matar Direba ta yi tambaya, ina jin don ta gwada ta ne. Ta ce jaririnta ya yi fitsari a zane, ta haɗa shi da rigunan sallar maigidanta ta zuba a injin wanki. Tsohuwar malama ta ce dole a fara wanke najasa da hannu, daban. To kayan sun tsarkaka?

Malama ta ce malaman da sun yi magana a kan ruwa mai tsarki da ke tafiyar da launi da wari, amma ba su ga inji ba. Na yanzu kuma wasu sun ce ya wadatar, wasu sun ce a fara ɗaurayewa. Sai ta juyo inda nake a can baya.

"Auta, an ce ke kike aiki da injin nan kullum. Me kika gani?"

Wa ya gaya mata aikina? Abin da ya fara zo mini ke nan. Na dubi wayar, na dubi yatsun ƙafata, na ce, "Ban sani ba, Malama."

"Ba laifi. Ki duba mana."

Na kuwa duba. Na daɗe ina zuba kaya ina kwashewa, ban taɓa tsayawa na kalla ba. Sai ga ni durƙushe gaban gilashin injin. Ruwa ya shiga, kumfa ta tashi, ya zube ta tiyo. Wani sabo ya shiga, shi ma ya fita. Na tara hannu a bakin tiyon a zubi na ƙarshe, na ga ruwan garau, na shinshina ban ji komai ba.

"Auta, talabijin kika samu?" in ji mai shagon wankin. "Ga guga can yana jiran ki."

Amsar ta zauna mini a baki, ina jiran ranar aji. Kafin ranar ta zo, na dawo gida na tarar da Inna tana ninke kaya, fuska ba walwala.

"Kawunki na neman ki gobe a ofishin masallaci."

"Ni? Me na yi?"

"An kai masa magana. Wai malamarku ta ce kowa ya yi addini yadda ya ga dama. Yana son wanda zai gaya masa gaskiya, ke kuma ya san ba ki da baki. Abin da aka tambaye ki shi za ki faɗa, kar ki ƙara gishiri."

"Wa ya kai maganar, Inna?"

"Ina zan sani? Ko ke ce, ai ba za ki gaya mini ba."

Ofishin ɗan ɗaki ne a gefen masallaci, cike da naɗaɗɗun tabarmi da wata lasifika da ta lalace. Kawu na kan kujera. Ma'aji na gefensa da carbi, Ladan kuma a bakin ƙofa yana gyara wayar lasifikar. Na durƙusa na gaishe su. Ko ɗaga kai ban iya ba.

"Auta, kina zuwa ajin nan," Kawu ya ce. "Yau za mu yanke ko a bar shi ko a rufe. Tsakaninki da Allah, me kika gani?"

Kunnena ya saba da tambayar a bakin Malama, ga amsa na ɗauke da ita kwana da kwanaki. Ban san lokacin da ta fito ba.

"Ni dai a ganina, Kawu, kayan sun tsarkaka. Ruwan ba ɗaya ba ne, wani na fita wani na shiga. Na ƙarshen ba launi ba wari. Sai dai in abin mai kauri ne, gara a fara kankare shi."

Na ɗago na ga Ladan ya toshe baki da hannun riga.

"Wane kaya?" in ji Kawu. "Ina tambayar ki abin da idonki ya gani a aji, kina ba ni fatawa?"

Sai a lokacin na gane. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ma'aji ya ajiye carbi. "Ka ji da kunnenka, Shugaba. Yarinyar da ko gaisuwarta sai an kasa kunne, yau ita ce da 'a ganina'. Abin da ake gudu ke nan. Gobe sai su ce a ganinsu azahar raka'a uku ce."

Na ga da bakina zan rufe ajin. Dole na bayyana musu tambayar Matar Direba, tun daga zane har tiyo.

"Malamar ce ta ce ki faɗi haka?" Kawu ya tambaya.

"A'a. Ta faɗi maganar malamai, ta ce in je in duba."

"Ta ce kowa ya yi yadda ya ga dama?"

"Ban taɓa ji ba."

"Wanda ya ji ya ce ya ji."

"Wane ne, Kawu?"

Ya kawar da kai. Ma'aji ya ce, "Wayar da take kifewa fa? Ɗauka take yi?"

"Ban sani ba. Ni ma ina tsoron ta."

Kawu ya daɗe yana kallona kamar bai taɓa ganina ba. "In na ce miki kayan ba su tsarkaka ba fa?"

Na so in ce to. Amma na tuna ruwan a tafin hannuna. "Sai ka gaya mini dalili, Kawu, in riƙe."

"Ni dai a inji ake wanke mini riga," in ji Ladan, "da ita kuma nake kiran salla. Ku yanke da sauƙi."

Ma'aji bai yi dariya ba. Suka yi ƙus-ƙus da Kawu, sannan aka gaya mini hukunci. Ba za a rufe aji ba tukuna. Amma ƙofa za ta zauna a buɗe, matar Ma'aji za ta riƙa zama a ciki, waya kuma a bar ta a jaka.

"Ke kuma ki rage baki," Kawu ya ce. Tun da aka haife ni ba wanda ya taɓa ce mini haka.

Ina fitowa na ga Hajiya a ƙofar shagonta, tana kallon ofishin. Na gaishe ta, ta amsa da ka.

Ranar aji na hau bene na tarar an riga ni. Matar Ma'aji na kan kujerar roba a bakin ƙofa. Ina shiga hira ta tsaya.

"Ku gyara zama," in ji Nas, ba ta dube ni ba. "Kunnen kwamiti ya iso."

"Ashe masu shirun nan su ne abin tsoro," Matar Direba ta ce.

Na so in rantse musu ba ni ba ce. Amma na dube su ɗaya bayan ɗaya, kowacce fuskarta fes, kuma na san a cikinsu akwai wadda ta san ba ni ba ce. Malama ma ta dube ni ta saman gilashi, ban iya karanta abin da ke ranta ba.

Inda na saba zama a baya, sun janye tabarminsu sun bar fili. Layin gaba kuma ba kowa, don ba mai son matar Ma'aji ta ga bakinta na motsi. Na ɗauki tabarmata na wuce gaba, na shimfiɗa dab da tebur. Malama ta miƙo littafi ta ce wa zai fara karatu. Ba wadda ta motsa. Na karɓa, na sa yatsa a kan layin farko.