Shuɗin da Ya Ƙi Kamawa

Sau uku ke nan likita yana dawo mata da gilashin gwaji. Aikinta rina ɗan naman da aka yanko daga jikin majinyaci, don a gane cutarsa a madubin likita. Yau shuɗin ya ƙi kamawa, komai dishi-dishi.

"Malama, a haka ba zan iya cewa cutar daji ce ko ba ita ba," in ji likita.

Ta juya kwalbar rinin, ashe ya lalace tun bara, kuma babu wani a sito.

Sai ga wayar kawunta, wanda daga jikinsa aka yanko naman.

"'Yata, kina wurin, amma sati biyu shiru?"

Ta yi tsaki ƙasa-ƙasa. "Kawu, ƙara haƙuri zuwa Litinin."

Ita kanta ba ta san ranar da sabon rini zai iso ba.