Ƙwas-ƙwas a Bayan Motar Baba

Mai Rami ake ce masa, domin garejinsa ba komai ba ne illa rumfar kwano da rami ɗaya mai matakala huɗu. Shekara goma sha ɗaya yana shiga ramin nan yana fita, kuma duk tsawon lokacin babu hannun da ya taɓa ƙasan motar mahaifinsu sai nasa. To, ranar Talata da hantsi yana zaune yana wanke sifanu da fetur, sai ya ga motar ta zo ta wuce shi, ta yi kwana ta shige garejin ƙanensa, Auta, a tsallaken titi.

Garejin Auta sabo ne, wata huɗu da buɗewa. Daɓensa fes, ga injin ɗaga mota, a danna maɓalli mota ta tashi sama har mutum ya wuce ta ƙarƙashinta ba tare da ya sunkuya ba. Mai Rami ne ya koya wa Auta riƙe sifana. Ranar buɗe garejin ma shi ya fi kowa washe baki. Amma motar Baba daban ce.

Yana daga zaune ya ga an sauke kwalaye biyu, sababbin shokazoba na baya masu tare girgizar mota, irin na kasuwa, ba na kamfanin motar ba. Ya ga Baba a kan kujerar roba yana kallon motarsa a sama yana gyaɗa kai. Sifana ɗaya Mai Rami ya yi ta wankewa har fetur ɗin ya bushe a hannunsa.

Da ya koma gida, matarsa ta ajiye masa abinci, ta dube shi.

"Wa ya taɓa min kai?"

"Babu."

"Babu ɗin ce ta sa ka saka riga a bai-bai?"

Ya duba rigar, ya tsuke baki. Can ya ce, "Ni ai mai rami ne. Masu maɓalli sun zo."

Ran Alhamis da safe motar ta biyo ta gaban rumfarsa. Akwai gargada a daidai wurin, kwalta ta ɓare. Tayar baya na faɗawa ya ji: ƙwas-ƙwas. Ƙara ce siririya, ƙarfe a kan ƙarfe, daga baya ta hagu, kuma daga sama take, ba daga wajen taya ba. Kafin motar ta gama kwana ya riga ya san inda abin yake. Baba ya ɗaga masa hannu ta taga, shi ma ya ɗaga. Bai tsayar da shi ya gaya masa ba.

Kwana biyu yana kallon tsallaken titi kamar mai kallon wasa. Baba ya mayar da motar can, Auta ya ɗaga ta, ya girgiza taya, shiru. Ya sauke, ya zaga da ita, ƙwas-ƙwas. Ya sake ɗagawa. Ya canza robobin da ba su yi laifin komai ba. Ya ɗaure salansa. Ya kwashe jak da safaya taya daga but ya jera a ƙasa. Kowace ɗagawa Mai Rami sai ya ji wani sanyi-sanyi a ransa, daga baya kuma ya ji kunyar sanyin, amma bai tashi ba. Ya san ranar Lahadi Baba zai yi doguwar tafiya ya ɗauko gwaggonsu. Lissafinsa shi ne, kafin Lahadi motar nan za ta dawo kan ramin da ta saba, kuma Baba da bakinsa zai faɗi wanda ya fi.

Asabar da rana Auta ya tsallako, baƙin mai har gwiwar hannu.

"Yaya, sannu da aiki."

"Injiniya! Yau kai ne a rumfarmu? Bi a hankali kar ƙasa ta ɓata maka takalmi."

"Yaya, don Allah bar zolaya. Motar Baba ta hana ni sakat. In na ɗaga, komai ɗaure yake tamau. In na sauke, sai ta fara gulmata."

"Ka tambayi maɓallin mana."

Auta ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ka zo ka saurara min. Ko minti biyar."

"Baba yana nan?"

"Sai la'asar zai zo."

"To, in ya zo ka kawo ta."

Auta ya dube shi, ya gane, ya sunkuyar da kai ya koma.

Da la'asar motar ta hau bakin rami. Baba ya fito a hankali yana dafa ƙofa, tsohon direba ne, shekara talatin ya yi a kan sitiyari kafin gwiwa ta ajiye shi. Mai Rami bai ko shiga ramin ba. Ya buɗe but, ya yaye shimfiɗar gefen hagu, ya ɗora yatsa a kan notin da ke riƙe kan shokazoba.

"Injiniya, danna bayan motar. Da ƙarfi, ba shafa ba."

Auta ya danna ya saki. Ƙwas-ƙwas. Notin ya yi tsalle a ƙarƙashin yatsan.

"Baba, kawo hannunka ka ji." Mai Rami ya kama hannun tsohon ya ɗora. "Ka ji ko? Irin wannan shokazoba na kasuwa, zaren da noti ke hawa a kansa gajere ne. Noti yana ƙarewa bai zauna ba, sai an sa masa washa mai kauri a ƙasa. Tana cikin kwalin, a 'yar leda. Ta dama an sa, ta hagu an manta. In mota tana sama, nauyin taya yana jan sandar shokazoban ƙasa, notin ya manne, ko shekara za ka yi kana girgizawa ba za ka ji komai ba. Sai ƙafarta na ƙasa take magana. Wannan kuwa injin ba ya koya wa mutum."

Ya faɗi na ƙarshen da ƙarfi, har mai facin taya da ke gefe ya juyo. Auta ya ruga ya tsallaka titi, ya zazzage kwandon shara, ya dawo da 'yar ledar a tafin hannu. Washa ɗaya ce, ba ta fi kwabo faɗi ba.

Mai Rami ya tsaya yana goge hannu da tsumma, yana jira.

Baba ya juya washar a yatsunsa. "Yaushe ka ji ƙarar?"

"Ai yanzu da…"

"Kai. Ni na haife ka. Ran Alhamis da na faɗa gargadar can, na ga kanka ya ɗago kafin hannunka. Yaushe ka ji?"

"Ran Alhamis, Baba."

"Ka san wurin?"

"Na sani."

"Kwana biyu yaron nan yana kwance mota yana ɗaurawa, kana zaune kana kallo." Bai ɗaga murya ba. "Na kai masa ne don mutane su ga motata a wurinsa su shigo. Kai wa ya rage bai san ka ba? Na ɗauka ba sai na gaya maka ba."

Mai Rami ya kawar da kai. Tsumman ya yi ta murɗawa.

Baba ya miƙa wa Auta washar. "Je ka ɗaure abinka a garejinka. Kai ka fara, kai za ka gama."

"Baba, ai ga mu a nan, Yaya ma zai iya…"

"Na ce a can."

Auta ya shiga ya tayar da motar, ya ja da baya a hankali yana satar kallon wansa ta madubi. Baba ya bi ta a ƙafa, yana ɗingishi, bai waiwayo ba.

Mai facin ya leƙo ta gefen rumfa. "Maigida, amma kunnenka sai dai a bar shi! Minti ɗaya fa!"

"Je ka ga tayarka," in ji Mai Rami, "iska na fita."