Warin da Ke Cikin Motar Koyo

…ga ta nan kuma tana tasowa. Daga ƙasan haƙarƙari take fara motsi, a hankali, kamar mai neman ƙofa a cikin duhu. A'a. Ba yanzu ba. Ba a kan wannan kwanar ba, Malama ta ƙanƙame sitiyari kamar za a ƙwace mata, ni kuma ƙafata na kan birkin gefena, birkin mai koyarwa, wanda na tsufa ina takawa don kada ɗalibai su kai mu lahira babu shiri. Mota dai ina iya tsayar da ita. Gyatsa fa?

Haɗiye. Juya fuska waje, yi kamar kana duba madubi.

Ta fita. Ta gefen baki, iska ta kwashe. Ta kwashe kuwa? Ni dai na ji abina. Ɓaragurbi. Ƙwan da ya ruɓe a cikin ɓawonsa aka fasa. Daga cikina, ni da na yi asuwaki sau ba adadi yau, ni da kanumfari ya cinye mini harshe…

"Sigina, Malama. Hagu."

Ta kunna dama. Kullum dama. Malamar firamare ce, tana koya wa yara hannun hagu da na dama, amma da ta zauna a kujerar nan sai su rikice mata. Ba zan yi mata tsawa ba. Juna biyu gare ta, ita ta faɗa mini ranar farko, kai a sunkuye: mijinta aikinsa nesa ne, tana so kafin ta yi nauyi ta iya kai kanta awo. Mai ƙaramin ciki… wadda ƙamshin sabulu ma ke tayar mata da zuciya. Ita Allah ya haɗa ni da ita a cikin gwangwanin nan.

Gilashi dai a sauke. Duka huɗun. Na ce mata ƙa'idar koyo ce, direba ya riƙa jin ƙarar titi. Wace ƙa'ida? A wane littafi?

Da farko ƙwai na ɗora wa laifi. To me zan zarga, wari irin nasa ne. Na bar ƙwai. Aka ce wake, na bari. Kabeji, albasa, tafarnuwa, lemon kwalba. Babbar 'yata ta ce akwai waɗanda cikinsu ba ya narkar da madara, sai ta zauna ta yi tsami ta cika su da iska, na koma shan shayi baƙi kamar mai zaman makoki. Uwar yara tana ɗora mini tukunya dabam, 'yar ƙarama, babu mai babu yaji, ta ajiye a gabana tana kallona kamar ita ta yi mini laifi. In ci loma kaɗan, ciki ya ɗaure tam kamar taya. Ya yi ta ƙugi. Yau gudawa, gobe shiru, jibi ƙwannafi har maƙoshi. To in ba abinci ba ne, mene ne? Me ya rage ban bari ba, numfashi?

Kuloci. Taka kuloci kafin ki taɓa giya, baiwar Allah… Ta taka. Motar ta yi tari, ta haƙura.

Mai kemis ya ce olsa ce, bai ma ɗago kai ba. Farin maganin nan mai kama da alli a baki. Na sha kwalba, na sha wata. Kwana biyu lafiya lau, har na yi wa uwar yara waƙa a tsakar gida, a rana ta uku abin ya dawo da ƙannensa.

Sai 'yar tawa ta zauna da waya tana karanto mini, ni ina kishingiɗe ina yi kamar ba da ni ake ba. Wai akwai ƙwayar cutar da ke zama a tumbin mutum shekara da shekaru tana cin bangonsa. Wai akwai wasu ƙananan halittu da ake sha a ruwa marar tsabta, su sauka a hanji su yi gida, gyatsarsu ke nan mai warin ƙwai, da gudawa. Ruwa… tankin da ke bayan ofishinmu, wanda murfinsa ya ɓace tun ban san yaushe ba, tsuntsaye na sauka a bakinsa. Ina sha. Kowa na sha. Abokin aikina mai koyarwa da babbar mota yana ɗura gora biyu a rana, ga shi nan kamar bijimi. Don me sai ni?

Wai kuma ciwon suga, in ya daɗe, yana kashe wa tumbi kuzari, abinci ya ƙi wucewa, ya kwana ya wuni a wuri ɗaya har ya lalace. Ban taɓa gwada suga ba. Wai magungunan ciwon jiki ma. Nan ta ɗago ta kalle ni. E, ina sha. Ki zauna a kujerar nan daga safe zuwa yamma, ɗalibi na taka birki kamar yana kashe kunama, ki gani ko bayanki zai bar ki. Da wanne zan ji, baya ko ciki?

Akwai wani ciwon da ta zo kansa ba ta karanto ba. Na ga yatsanta ya tura rubutun sama da sauri. Ban tambaya ba.

Hadari. Tun ɗazu yake haɗuwa a bayan gidajen can, na yi kamar ban gani ba. Ya Allah, ka riƙe shi. Saura kaɗan mu gama, mu zagaya shataletalen can mu koma. Ka riƙe shi…

Ɗigo a gilashin gaba. Wani. Wani.

Ɗakin Baba. Me ya kawo ɗakin Baba yanzu? Labule a sauke, kwano a ƙarƙashin gado, Inna na ta kunna turare tana cewa sauro take kora. Babu sauro. Ina yaro amma hancina ba yaro ba ne. In an aike ni kai masa ruwa sai in cika ƙirjina da iska tun daga zaure, in shiga, in ajiye, in fito a guje. Yana kirana, zo mana ka zauna, zo ka ba ni labarin makaranta… Ciwon ciki, aka ce. Shi ke nan sunan da aka ba shi har aka ɗauke shi. Ciwon ciki. Wane iri? Ba wanda ya sani, ba wanda ya leƙa. Warin nan ne? Shi ne, ko kaina ne ke haɗa su? Hanci yana ƙarya?

Ruwa ya sauko da ƙarfi. Yana feso mata a kafaɗa, mayafinta ya jiƙe. Hannunta ya tafi kan maɓalli… me zan ce? Bari ki jiƙe, Malama, ke da abin da ke cikinki, saboda ƙa'ida? Gilashinta ya hau. Na baya sun hau. Nawa na bar ɗan tsagi, ruwa na zuba a hannun rigata, sanyi har gwiwar hannu. Na'urar sanyi ta mutu tun bara, Manajan makarantar tuƙinmu ya ce za a gyara. Abin da ya sayo shi ne ɗan turaren nan mai siffar bishiya, ya rataya a madubi da hannunsa.

"Waifa, Malama. Sandar dama."

Wannan karon daidai.

Na je asibiti ai. Kada a ce ban je ba. Likitan yaro ne, sa'an 'yata, hannunsa da sanyi. Ya danna nan, ya danna can. Ya ce abubuwa da yawa na kawo haka, yawancinsu ana maganinsu a warke sarai, amma ba zai yi mini canki-canki ba, sai an gwada. A kawo bahaya. A ɗebi jini. In ba a ga komai ba, a zura siririn bututu mai ido ta maƙogwaro a leƙa. A leƙa! Na ce to. Na karɓi 'yar robar kawo bahayan. Na fito na tsaya a bakin ƙofa ina kallon masu shiga, ban sake komawa ba… Yawancinsu, ya ce. Yawanci ba duka ba ne. Muddin ba a leƙa ba, wake ne. Madara ce. Ruwan tanki ne. Ran da aka leƙa kuwa ya zama abu ɗaya, mai suna, kuma dole in ɗauko sunan in kawo shi gida in ajiye a gaban uwar yara.

Tana zuwa. Wannan babba ce, na san su yanzu kamar yadda na san ƙarar kowace giya. Cikin ya murɗa. Haɗiye… ta ƙi. Danne da haƙori. Ta hanci? Ta hanci ma fita ce. Tsagin gilashi, kai bakinka tsagin… babbar mota ta taho ta gefena, ta watso ruwan titi, hannuna da kansa ya rufe…

Shi ke nan.

Babu inda za ta je. Ta cika motar, ta zauna tsakaninmu. Bishiyar Manaja na lilo.

Malama ta yi tari. Kafaɗunta sun ɗaga. Sitiyari ya karkace, na kama da hannu ɗaya, na taka birkina, gefen titi, gefen titi, a hankali… Ta buɗe ƙofa tun ba mu gama tsayawa ba. Tana amai a cikin ruwan sama, hannu ɗaya a kan cikinta, ɗaya riƙe da ƙofa. Ni na jawo. Mace mai juna biyu, a bakin titi, motoci na wucewa suna mana hon. In da ta taka totur maimakon ta saki? In da babbar motar nan tana bayanmu?

Ga kwata nan kusa, ruwa ya tayar da ita. Alhamdu lillahi, ga kwata. Na miƙa mata gorar ruwa… a'a, ta tanki ce, na janye, na ba ta hankici.

"Sannu, Malama. Kwatar nan ce, in aka yi ruwa haka take."

Ta goge baki. Ta rufe ƙofa. Ba ta kalle ni ba, gilashin gaba take kallo, waifa na kai da komo.

"Baba, ba kwata ba ce." Muryarta ƙasa-ƙasa. "Tun ranar farko nake ji. Na ƙi canza malami ne don kai ba ka yi mini faɗa. Don Allah ka je a duba ka. Ka ga yadda ka rame kuwa?"

Tun ranar farko.

To su waye kuma? Maƙwabcina da muke sahu ɗaya a masallaci, wanda mura ta kama shi ta ƙi saki, kullum hankici a hanci… Ɗaliban da suka ce lokacina ne bai yi musu ba. Uwar yara da ta koma kwana fuska ga bango, wai kafaɗarta ke ciwo, har na sayo mata man shafawa. Ta karɓa. Ta yi godiya. Ta shafa a gabana.

Duk wahalar nan… juya fuska, danne ƙirji, magana da rabin baki, cin abinci ni kaɗai a bayan mota. Ashe ni kaɗai nake ɓoyon. Su kuma suna ta ɗauke kai, suna lallaɓa ni, kowa da 'yar ƙaryarsa ta tausayi. Sun gaji? Dole sun gaji. Ni ma…

Na rame? Likitan ma ya tambaya, na ce a'a, kuma har ga Allah ba ƙarya na yi ba. Wa ke kallon kansa? Madubin da nake kallo duk na bayan mota ne.

Na miƙa hannu ƙasa wajen makulli in nuna mata ta tayar da mota. Agogona ya zame, ya wuce wuyan hannu, ya tsaya a kan ƙashin babban yatsa. Agogon da sai na matsa yake ɗauruwa.

Yaushe…?

Tana jira. Ruwa na dukan rufin mota. Ya kamata in ce wani abu, kuloci, giya ta ɗaya, duba madubi. Kalmomin suna nan, na san inda suke. Bari dai in ɗan zauna tukuna. Kaɗan kawai.