Tsuntsaye Ashirin da Uku a Alƙibla

…ga ta kuma ta sake kwantawa a gindin bokitin, farar ƙasar nan, sai na ƙara motsawa. Sau uku ke nan tun azahar. In na bar ta ta daskare, Yaya Mudi zai ce da gangan na yi. To da gangan ɗin ne? Ban sani ba. Wallahi ban sani ba, Baban Atine.

Gobe kwananka arba'in. Gobe da hantsi za a shimfiɗa tabarmi a tsakar gidan nan, malamai su zauna su sauke maka Alƙur'ani, azahar ta yi su miƙe su yi salla — ina za su fuskanta? Katangarka. Duk faɗin gidan nan ba ka ga inda za ka gina ta ba sai alƙibla. Tsuntsaye ashirin da uku da ka zana a jikinta, duk suna kallon liman.

Ya zo ɗazu, yayan naka. Bai shigo ba tunda ina takaba, a bayan zana ya tsaya, ƙafafunsa kawai nake hangowa. "Batulu, ba aikinsa nake ƙi ba. Ƙanena ne, ni na goya shi. Tsoro nake ji masa. An ce wanda ya zana abu mai rai, gobe ƙiyama za a ce ya hura masa rai, kuma ba zai iya ba. Ko ki shafe su, ko ki ja wa kowanne layi a wuya, na tambaya an ce hakan ma ya wadatar. Kafin gobe dai, don Allah." A kan don Allah ɗin muryarsa ta karye. Da faɗa ya yi mini ai na san abin da zan ce masa. Sai ya ajiye bokitin a bakin ƙofa ya tafi yana fyace hanci.

Ni me na sani? Izu biyu a allo, aji uku a makarantar gwamnati, aka cire ni. In gaskiyarsa ce fa? In kana can yanzu, cikin ramin nan mai ƙunci, ana tsare da kai saboda kurciyar da nake shanya zanena kusa da ita…

Zafi. Farin mayafin nan ya manne mini a baya. Tun safe taraktoci ke wucewa, ana kai su mashru'u, manyan gonakin nan na daji, kafin ruwa ya rufe hanya, ƙasa na rawa har cikin haƙorana — da kana nan da yanzu kana tasha, lokacin aikinka ke nan, kowane direba yana son a sabunta masa bayan lori kafin a fara ɗibar leburori. Sharu direba da zakinsa, shi da ba ya kiranka sai usta, wai gwani. "Ya usta, zaki nake so, wanda in mutanen Doka suka gani za su ba ni hanya." Ka zana masa, ka gama, ka ɗauki ƙaramin burushi ka ja siririn baƙin layi a wuyan zakin. Ya ce mene ne wannan kuma? Ka ce, "Na yanka maka shi, ya halatta, in yunwa ta kama ka a hanya ka ci." Ka dawo gida kana ba ni labari kana dariya har shayi ya sarƙe ka.

Ka san da maganar ke nan. Ka sani! Na lori duk ka yanka su, zaki, shaho, har dawisun da ka yi wa mai shagon turare. Na gida ne ka bari. Me ya sa? Na taɓa tambayarka, ina tankaɗe, ka ce gobe. Shekara goma sha ɗaya kana cewa gobe. Ga goben ta zo, ka bar ni da ita.

A'a, ba zan shafe ba. In na shafe, me zan riƙa kallo? Dangar kara da gutsuren kwano, kamar kowa a unguwar nan?

Dubi lambun da ka zana a jikinta: lemo a tsakiya. Gwaiba ta hagu, lalle ya yi layi a ƙasa, 'yar hanya ta jan tubali ta lanƙwasa ta shige bayan dabino, inda ba a ganin ƙarshenta. Atine tana ƙarama ta sha buga goshi a nan, wai za ta bi hanyar ta ga inda ta je. Gobe za ta iso daga Doka da cikinta wata bakwai. Ta shigo ta tarar da farin bango? Ta ce Inna, ina lambun Baba?

Lambu… kai da ko yakuwa ba ka taɓa shukawa ba. Alhajin nan mai mashru'u uku ya kawo lorinsa, ya ga itatuwan da ka zana a ƙyauren baya, ya ce za ka iya yi mini irin wannan a ƙasa, a gidana? Ka ce tamam, kamar an ce ka miƙo ruwa. Ka dawo ka kasa cin tuwo. Na ce wa ya aike ka? Shukar farko duk ta mutu. Baƙar ƙasar Gadarif ba ta da mutunci, da damina ta riƙe ƙafar mutum kamar danƙo, da rani ta dare har akuya ta karya ƙafa a ciki, ta tsinke saiwa kamar zare. Sai ka koma haƙa rami har ƙugu, ka kwashe baƙar, ka cika da ƙasar bakin kogin Rahad da kake ɗaukowa daga Hawata. Ta biyu ta kama. Daga nan kuma gidan wane, gidan wane…

Kwana uku kake yi a filin mutum ba ka taɓa komai ba. Zaune. Kana kallon inda inuwa take da safe, inda take da la'asar. Masu gida su yi ta tsaki, an kawo mai fenti ya zo shan shayi. Rana ta huɗu ka ce a ba ka toka a kwano, ka bi ƙasa kana zuba ta siriri-siriri, kana zana lambun da toka kamar yadda kake zana lori da alli. Kuma kafin ka zuba ko ɗigo sai ka aika a tambayo maka uwargida: a ina take zama in za ta yi wanke-wanke? Nan za ka sa lemo. Ka ce ruwan da mace ta zubar ba ya fashi, na mai gida kuwa sai ran da ya tuna.

Ni fa? Ni ruwan wanke-wankena a tulu nake tara shi in yayyafa wa ƙasa don ƙura. Gangar ruwa ɗaya daga mai jaki, ta sha, ta girki, ta wanka. Ran nan da na faɗa maka magana — ban manta ba, kai ma na san ba ka manta ba — na ce ka yi wa matan mutane aljanna, taka tana kallon kara. Bayan sati sai ga ragowar tubali a amalanke. Katanga guda, ba ta haɗe da komai ba, tana tsaye ita kaɗai a tsakar gida kamar baƙuwa. Maƙwabta suka yi ta dariya. Sai ragowar fenti a gwangwanaye, kore kaɗan daga lorin wane, ja kaɗan daga shagon wane…

Da ban faɗi maganar nan ba da babu katangar. Da babu tsuntsayen. Ashe in ana tsare da kai, bakina ne ya…

Astagfirullah. Tashi, Batulu. Tashi.

Akwatinka yana nan ƙarƙashin gado, ban buɗe ba tun ran da ka dawo daga Hawata jikinka kamar garwashi, kana cewa zazzaɓin kwana biyu ne, ƙasar Alhaji tana jira a tasha kar a bari ta bushe. Wata biyu zazzaɓin yana cin ka, cikinka ya kumbura, hannun nan ya koma kamar kara. Na buɗe — warin kananzir. Warinka ke nan, ashe, ni da nake cewa ka yi wanka kafin ka zauna mini a gado. Ga ƙaramin burushin. Baƙin fentin ya yi fata a sama, in huda, in ɗiga kananzir, in juya da tsinke — haka kake yi, ko? Haka na sha gani.

Layi ne kawai. Siriri. Su zauna, kai ma ka huta, Yaya Mudi ya yi barci.

"Batulu! Albasar gobe buhu ɗaya za ta isa kuwa, ko in sa a ƙaro?" Jummare ce, maƙwabciyata, ta kan danga. Ta isa, Jummare, Allah ya saka. Kar ki leƙo. Don Allah kar ki leƙo.

Kurciyar ƙasa, ta kusa da lalle, da ita zan fara. Ana yin bisimilla? Mace ba ta yanka, tun muna yara aka hana mu, ko kaza ce sai a fita neman namiji a titi. To wannan yanka ne ko ba yanka ba? In ba yanka ba ne, me zai amfana maka? In kuwa yanka ne…

Na tsoma burushin.

Na ja. Ya Salam — ya yi kauri, ya karkace, ga shi yana zuba ƙasa ta kan ƙirjinta, ɗigo, ɗigo. Naka kamar gashi yake, sai an matso ake gani. Nawa kamar an daɓa mata wuƙa. In goge da bakin mayafi? Farin mayafi… ya ƙara yaɗuwa. Ka yafe mini. Idonta bai canza ba, har yanzu tana kallona.

Ban taɓa matsowa kusa haka ba. Shekara goma sha ɗaya daga bakin murhu nake kallonta, daga kan tabarma. Reshen da take tsaye a kai ba sumul yake ba, ya ɗan taso, yatsana yana jin sa. Siminti ne a ƙarƙashin fentin. Na bi shi da yatsa — ya hau, ya karkata, ya shige cikin gwaiba. Wancan reshen ma haka. Da wancan. Kowane reshe mai tsuntsu…

Tsaga ce. Duk tsaga ce.

Ƙasar nan tana kumbura da damina ta saki da rani, tana jan katangar nan gaba da baya, kowace shekara ta dare — kai kuma kafin ruwan fari ka cusa siminti, ka rufe da reshe, ka ɗora tsuntsu a inda tsagar ta tsaya, don ka gane in ta ƙara gaba. Ni ina cewa ado kake ƙara mini. Ina cewa kai dai ba ka gajiya da wasa. Ashe riƙe ta kake yi da hannu, kamar yadda ake riƙe marar lafiya a zaune, ba ka taɓa gaya mini ba. Ta yaya za ka ja musu layi a wuya, su da suke maka gadi?

Ga ta bana. A bayan lemo, inda ganye ya yi duhu, shi ya sa ban gan ta ba. Tun daga sama har ƙasa. Babu siminti, babu reshe, kana kwance lokacin. Yatsana ya shige har gaɓa biyu. Iska ce nake ji ta ciki, mai ɗumi, daga wancan gefen.

Hadari kuma ya fara taruwa ta wajen Gallabat, baƙi, ƙasa-ƙasa. Sati biyu, in ya daɗe uku. Farar ƙasa ba za ta riƙe wannan ba. Layi ma ba zai riƙe ba. Ni da Yaya Mudi muna ta kai da kawo a kan abin da damina ta riga ta yi wa alkawari… In ta faɗi da kanta, an sauke maka nauyin ke nan? Ko sai hannun mutum ne ya shafe ake karɓa? Wa zan tambaya, ina cikin ɗaki wata huɗu da kwana goma? Kuma siminti — da ruwa nawa kake kwaɓawa? Ban taɓa kallo ba. Ina nan kusa da kai, ina tankaɗe, ban taɓa kallo ba.

An kira la'asar. Ɗaya na yanka, saura ashirin da biyu, na can sama ma sai da tsani. Yatsana yana cikin tsagar har yanzu. In na zare shi, ji nake kamar…

Bari in ɗan jingina da katangar, Baban Atine. A hankali zan jingina. Kaɗan kawai.