Kunnuwan Baƙin Akwati

Ana idar da azahar Mamuda ya turo ƙofar ɗakinsa ya kwanta, jiki na zafi, kai na sara. Ba zazzaɓin sauro ba ne, shi ma ya sani. Kunya ce ta kayar da shi, irin wadda ke sa mutum ya ja zane har ka ko da ba mai kallonsa.

A kusurwar ɗakin ga sabuwar amfilifayarsa, baƙin akwati mai kai ƙugu, wadda ke ƙara wa jitarsa ta bes, mai kaurin amon nan, murya. A goshinta akwai maɓallan murɗawa a jere, shi kuwa kunnuwa yake ce musu. Jiya ya fara fita da ita, wurin bikin jikar Iya Kulu a Funtuwa. Mutum da sabon abu sai a hankali! Bai tsaya ya san halinta ba, ya bi kunnuwan nan ya murɗe su har ƙarshe, don 'yan mata su san an yi sayayya.

Ana cikin haka Baba Jatau, mai kalangun ƙungiyarsu, ya ɗauko taken marigayi Tanko mahauci, mijin Iya Kulu. Tsohuwar ta riga ta faɗa, ba za ta taka rawa ba sai a kan wannan taken. Aka kama ta aka miƙar, ta tsaya tsakiyar fili tana karkata kai, tana nema. Ba abin da ya kai kunnenta sai rugugin Mamuda. Ta daɗe a tsaye, sannan ta ce a mai da ita kujerarta. Ba wanda ya zage shi, kuma da an zage shi da ya fi masa sauƙi. Yau da la'asar ne yinin ƙarshe, ya ƙudurta ko da bulala ba zai je ba.

Yana juya wannan a ransa idonsa ya yi nauyi, rufin ɗakin ya ɗaga sama ya tafi abinsa.

Sai ga shi tsaye a wani fili marar iyaka, ƙasarsa duk fatar ganga ce a ɗaure tamau. Daga nesa wani baƙin bijimin sa ya taho, fuskarsa mai kusurwa huɗu, kunnuwa jere a goshi, duk sun kumbura. Wayar lantarki ce wutsiyarsa. Mamuda ya gane amfilifayarsa ce.

"Sannu da hutawa, maigida," in ji ta. Ta tafin ƙafarsa ya ji muryar.

"Ke! Ke kika kunyata ni a gaban jama'a."

"Ni? Wa aka taɓa murɗe wa kunne har ƙarshe bai yi ihu ba? Hau, ka ga aikin hannunka."

Ya hau. Suka shiga wata kwata mai ƙugiyoyi reras, amma ba nama aka rataye ba. Muryoyi ne. Ga guɗar mata a rataye ta yi laushi, ga gaisuwar surukai an take ta, ga dariyar amarya tana ɗiga a ƙasa. A tsakiya Baba Jatau na zaune da kalangunsa a hammata. Duk bugun da ya yi sai ɗan tsuntsu ya fito daga bakin kalangun, ya kira sunan Tanko, kafin ya tashi kofaton san ya danne shi.

Mamuda ya buɗe baki zai ba da haƙuri, sai tsawa ta fito, ƙugiyoyi suka yi ta karkarwa. Ya kai hannu kunnensa. Babu kunne, maɓalli ne, shi ma a murɗe har ƙarshe.

Baba Jatau bai ko ɗago ba. "Baki gare ka, Mamuda," ya ce. "Kunnuwan kuwa ka bar wa akwati."

Nan fa kunyar ta kai masa ko'ina. Ya duƙa a wuyan san, ya bi kunnuwan ɗaya bayan ɗaya ya mai da su baya har suka mutu. Shi ke nan, ya ce a ransa, in na yi shiru ai ba wanda zan cuta.

Duniya ta yi tsit. Sai fatar da ke ƙarƙashinsu ta saki, ta lotsa, ta ɓace ɗungum. Mutanen biki suka taso sama suna lilo, gyale da huluna na yawo a tsakaninsu. Yanzu kam ana jin kalangu sarai, tsuntsayen na tashi da sunan Tanko a baki. Ga Iya Kulu can a iska, ta ji taken mijinta, fuskarta ta washe, tana ta miƙa ƙafa. Babu inda za ta taka.

"Ɗan nan," ta ce masa, "jiya ka ɗora mini dutse a ka, yau ka janye mini ƙasa. Me na yi maka?"

"Iya, kunya nake ji."

"To, a kan kunyarka zan yi rawar?"

Nan take iskar ta sake su. Su duka suka rufta cikin wani ƙaton turmi mai faɗin unguwa. A bakinsa mata uku marasa fuska suna lugude, wannan ta sauke taɓarya, waccan ta ɗaga, ba mai bugun ta wata. Amfilifaya ta koma akwatinta ta zauna a gindin turmin, inda dakan ke sauka.

"Nan ne mazaunina," ta ce. "Ƙasa. Kai ka ɗauke ni ka kai ni bisa kan mutane. Ko gaisawa ba mu yi ba ka kama ni da kokawa."

Mamuda ya durƙusa a gabanta kamar ya zo gaida suruka. "To, ki faɗa mini."

"Taɓa kunnen farko. Na kauri ne, ƙirji yake nema, ba kunne ba. Kaɗan ya ishe shi. Na kusa da shi ɗakin kalangu ne, ka rage shi, ka bar wa tsoho ɗakinsa. Na ƙarshe shi ne na ƙarfi, shi ya rinjaye ka jiya. Ka murɗa shi yadda za ka taɓa kunnen jariri."

"Yaya zan san ya isa?"

"In ka daina jin kanka, kana jin Baba Jatau."

Jitar ta sami kanta a hannunsa. Ya murɗa kaɗan, ya ja igiya mafi kauri sau ɗaya, a tsakanin bugun kalangu, yadda matan nan ke bar wa juna wuri. Fatar ta fara dawowa, tana ɗaurewa daga gefe zuwa gefe. Mutane suka soma sauka. Bayan Iya Kulu wani dogon mutum ya bayyana da wuƙar fawa a ƙugu, yana murmushi, ya miƙa mata hannu. Ta gyara ɗaurin zane. Ƙafarta ta taho ƙasa a hankali, saura ƙiris ta taɓa.

Dam! Dam! Dam!

Mamuda ya farka firgigit, ya jiƙe sharkaf da gumi, hannunsa riƙe da kunnensa na dama, ya murɗe shi har ya yi zafi. Ƙofa ake bugawa. Akwatin na nan a kusurwa, baƙi, shiru, kunnuwansa a inda ya bar su jiya.

"Mamuda!" Muryar Baba Jatau ce daga waje. "Kana ciki ko ka mutu? Mota na jira. Iya Kulu ta aiko tana tambaya, wai mai baƙin akwatin nan zai zo?"

Mamuda ya tashi zaune. "Baba, cewa ta yi in zo, ko kar in zo?"

"Ba ta faɗa ba. Ta dai sa an fito mata da takalmanta."

Mamuda ya rarrafa zuwa kusurwa, ya durƙusa gaban akwatin. Ya kai hannu kan kunnen ƙarshe, ya fara mai da shi baya a hankali.